Yadda Ake Maido da Rubutun Bashin Albashi da Aka Goge a Manhajar Lissafi

Kuɗin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci ba na mai kamfani ba ne. Daga ranar da aka rufe albashin wata har zuwa ranar da aka kai kason CNSS, hukumar fansho da tallafin ma'aikata ta Nijar, da harajin albashi na ITS inda ya kamata, amana ce a hannunsa, kuma a littafin lissafi bashi ake rubuta ta. Idan wannan rubutu ya ɓace daga kwamfuta, bashin yana nan daram a wajen CNSS da ofishin haraji. Littafinka ne kawai ya daina faɗar gaskiya.

A ƙananan kamfanonin Damagaram, kamar kantin kayan gini a Zango, makaranta mai zaman kanta, kilinik ko gidan burodi, galibi kwamfuta ɗaya ce, lambar sirri ɗaya, kuma hannu uku ko huɗu ke taɓa ta. Wani ya ga layi biyu masu kama da juna ya ɗauka maimaici ne ya goge ɗaya. Wani ya so gyara kwanan wata sai ya share rubutun gaba ɗaya da niyyar sake shi, aka kira sallah, ya manta. Ko yaya abin ya faru, babu maɓallin da zai dawo da shi a mafi yawan manhajojin da muke aiki da su. Sake gina shi ake yi, kuma da takardun da ke wajen kwamfuta ake gina shi, ba da abin da kontabul, wato mai riƙe da lissafi, ko maigida ke tunawa ba.

Kafin ka taɓa komai

Dakatar da kowa daga shigar da sabon rubutu, ko da na yini ɗaya ne. Sannan ka ɗauki kwafin fayil ɗin yadda yake yanzu, da ɓarnarsa, ka sa a kile, wato filashi na USB, ka rubuta masa kwanan watan yau. A tsofaffin manhajojin Sage fayil ɗin lissafi yana ƙarewa da .mae, na albashi da .prh, a QuickBooks na kwamfuta kuwa fayil ɗin aiki .qbw ne, kwafin ajiya .qbb. Amfanin wannan kwafi shi ne idan gyaran ya karkace kana da inda za ka koma.

Akwai jarabar da ke kama mutum a nan: ya tuna yana da kwafin ajiya na wata biyu da suka wuce, ya ɗora shi kan fayil ɗin da ake aiki da shi. Kada ka yi. Rubutun albashin zai dawo, amma duk cinikin da aka shigar bayan ranar wancan kwafi zai tafi, a garin neman gira a rasa ido. Tsohon kwafi a buɗe shi da wani suna daban, in da hali a wata kwamfuta, don a duba a buga a takarda kawai.

Gano abin da ya ɓace

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Bashin albashi rubutu biyu ne ke riƙe da shi: wanda ya kafa bashin a ƙarshen wata, da wanda ya sauke shi ranar biya. Mai gogewa zai iya ɗauke na farko, ko na biyu, ko duka, kuma maganin kowanne daban ne.

A tsarin lissafin kamfanoni na SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018 kuma Nijar ke bi kamar sauran ƙasashen OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci iri ɗaya, asusun da za ka buga su ne 421 na avans ɗin ma'aikata, 422 na albashin da ma'aikata ke bi, 431 na CNSS, 447 na harajin da aka cire tun daga tushe, sai 661 na albashi da 664 na kason da kamfani ke biya daga aljihunsa. Buga babban littafin kowannensu daga watan Janairu zuwa yau. A takarda nake nufi, ba a allo ba, domin da biro za ka bi su wata-wata.

Idan rubutun da ya kafa bashi ne aka goge, biyan kuma yana nan, za ka ga asusu 431 ya juye zuwa ɓangaren debi (ginshiƙin hagu na asusu, na dama kuwa shi ne kiredi), kamar CNSS ce kamfani ke bi kuɗi. A 661 da 664 za ka ga wata ɗaya babu komai, ribar watan kuma ta kumbura ba dalili. Idan biyan ne aka goge, 431 ko 447 zai nuna bashin da ka san an riga an biya, kuma kuɗin banki a littafi zai fi wanda ke cikin releben banki, wato takardar shige da ficen kuɗi da banki ke bayarwa, da daidai wannan adadi. Na uku shi ne mai ɓoyewa: an goge duka biyun. Asusu 431 zai fito fes, babu saura, sai ka ɗauka lafiya. Ramin da ke 664 da rashin daidaiton banki ne kawai za su tona shi. Shi ya sa ba a duba asusu ɗaya a yanke hukunci.

Bayan haka ka tambayi manhajar kanta. QuickBooks na kwamfuta yana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa a rahoton Audit Trail, kuma yana da rahoto na musamman kan rubutun da aka soke ko aka goge, dukansu a ƙarƙashin rahotannin akanta da haraji. Na intanet yana da Audit Log. Za su nuna maka kwanan wata, adadi, asusun da rubutun ya taɓa da sunan wanda ya shiga ya goge. A Sage hanya mafi sauƙi ita ce bin lambobin piyes, wato lambar da ake ba kowane rubutu, a jurnal ɗin albashi da na banki: inda lamba ta yi tsalle, a nan wani abu ya fita. Sunan mai gogewa bai kamata ya cinye maka lokaci ba, musamman inda kowa ke shiga da lambar sirri ɗaya. Abin da kake nema adadi ne da kwanan wata.

Tattara takardu

Ga abin da za ka ɗora a tebur na kowane watan da abin ya shafa: takardun albashin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, jadawalin albashin watan wanda ya haɗa su duka, takardar sanarwar da aka kai CNSS da resin biyanta, sanarwar ITS da kitansin ofishin haraji, releben banki, gindin cek in da cek aka biya, da littafin kes in da tsabar kuɗi aka biya. Idan an tura wa wasu ma'aikata albashi ta Nita, Amana ko Airtel Money, resin turawar ma hujja ce. Dokar lissafi ta OHADA ta wajabta ajiye littattafai da takardun hujja shekara 10, don haka ya kamata a ce suna nan a kabad.

In takardu suka saɓa wa juna, ga yadda nake jera su. A kan nawa aka biya da ranar da aka biya, releben banki da kitansi ne gaba. A kan nawa ne bashin, takardar albashin da aka miƙa wa ma'aikaci da sanarwar da hukuma ta buga wa hatimi ne gaba. Jadawalin Excel da ke cikin kwamfuta shi ne na ƙarshe, domin kowa na iya canza shi bayan an gama. Maganar baki kuwa ba ta cikin lissafi sam. Ko da za ka tambayi ma'aikaci nawa ya karɓa don ka tabbatar, ka lura da bakin da ya amsa maka: a nan garin da dala ake ƙirga, wanda ya ce ɗari biyu jika ɗaya yake nufi, sefa 1,000.

Idan resin CNSS ya ɓata, je ofishinsu na nan Damagaram da lambar kamfani ka nemi bayanin abin da aka rubuta muku na biya. Haka ma kitansin haraji, a nemi kwafi da lambar NIF, wato lambar harajin kamfani.

Kada ka sake lissafa albashin da ƙa'idojin yau. Idan an ƙara wa wani albashi bayan wancan wata, ko yawan iyalin da ake rage masa haraji dominsu ya canza, sabon lissafi zai ba da adadin da bai taɓa faruwa ba. Kwafa za ka yi daga takardar wancan lokaci, sefa da sefa.

Sake kafa bashin

Bari mu ɗauki misali. Kanti mai ma'aikata 4, jimlar albashinsu kafin a cire komai sefa 400,000 a wata, babu wanda ya kai iyakar albashin da CNSS ke lissafi a kai. Kason ma'aikaci na CNSS kashi 5.25 cikin 100 ne, wato 21,000. Kason kamfani kashi 16.40 ne, wanda ya haɗa 8.40 na tallafin iyali, 1.75 na haɗarin aiki da 6.25 na fansho, wato 65,600. A ce takardun albashin sun nuna jimlar ITS 14,000, kuma an cire avans 30,000 da wani ya karɓa tsakiyar wata. Abin da ya shiga hannun ma'aikata ke nan 335,000.

Irin wannan ƙaramin kamfani duk wata uku yake kai wa CNSS. Kowane wata 431 zai ɗauki 86,600, wata uku 259,800. A ce an goge rubutun watan Mayu, amma biyan da aka yi a Yuli na Afrilu zuwa Yuni yana nan. Babban littafi zai nuna kiredi 173,200, debi 259,800, saura 86,600 a debi. Da ka ga ragowar ta yi daidai da kason wata ɗaya cif, ka san inda ciwon yake.

Rubutun da za ka mayar uku ne, a jurnal ɗin albashi ko na OD, wato na rubuce-rubuce dabam-dabam, duk wanda kamfanin ya saba. Na farko, debi 661 da 400,000, kiredi 422 da 400,000. Na biyu, debi 422 da 65,000, sannan kiredi 431 da 21,000, kiredi 447 da 14,000, kiredi 421 da 30,000. Na uku, debi 664 da 65,600, kiredi 431 da 65,600. Idan sanarwarku tana ɗauke da kason ANPE, hukumar samar da aikin yi, ka ƙara shi yadda aka rubuta shi a watan Afrilu, a asusun da aka sa shi a Afrilu. Wannan ita ce ƙa'idar gaba ɗaya: buɗe rubutun watan da ya gabata da na watan da ya biyo baya, ka bi sawunsu. In kamfanin yana amfani da ƙananan asusu irin 6611, 6641 ko 4472, kai ma su za ka sa. Wasu kontabul suna haɗa rubutu na farko da na biyu wuri ɗaya, babu laifi, in dai haka sauran watannin suke.

A wurin bayani kada ka rubuta "albashin Mayu" kawai. Rubuta cewa maido da rubutun da aka goge ne, da lambar tsohon piyes in ka same ta. Wanda zai binciki littafin nan da shekara uku zai ga rubutun Mayu da aka shigar a Satumba, kuma zai tambaya.

Masu Sage Paie daban da Sage na lissafi suna da gajeriyar hanya. Tunda a ɓangaren lissafi aka yi gogewar, albashin watan yana nan a ɓangaren albashi, ana iya sake tura shi. Sai dai turawar tana kawo rubutun watan dukansa. Idan layi biyu kawai aka goge, sauran suna nan, za ka wayi gari da albashin Mayu ninki biyu. A irin wannan hali shigar da layukan da suka ɓace da hannu ya fi. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne sake buɗe watan a manhajar albashi a fitar da sababbin takardu, domin hakan yana taɓa jimlar shekara ta kowane ma'aikaci, kuma da ita za a cika sanarwar ƙarshen shekara.

Sake rubuta biyan

Wannan ya fi sauƙi. Debi 431 da adadin da ke kan resi, kiredi 521 in ta banki ne ko 571 in daga kes ne, da ranar da kuɗin ya fita da lambar cek ta asali. Haka ITS: debi 447, kiredi banki. Rubutu ne kawai, ba a buga sabon cek, ba a tura komai. Na faɗi haka ne domin manhajar da ta ga bashi a buɗe za ta riƙa nuna shi cikin jerin abin da ya kamata a biya, kuma maigidan da ya ga jan rubutu zai iya cewa a je a biya. Ka ce masa, "Alhaji, an biya, ga resi, littafi ne muke gyarawa."

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne jefa biyan kai tsaye cikin 664. Banki zai daidaita, sai a ɗauka an gama, alhali an rubuta kason kamfani sau biyu a matsayin kashe kuɗi, bashin 431 kuma bai motsa ba. A QuickBooks mai ɓangaren albashi abin yana da irin wannan tarko: cek na gama-gari ba ya sauke bashin albashi, dole a bi ta tagar biyan bashin albashi, a zaɓi lokacin da biyan ya shafa, a sa tsohon kwanan wata. Ɓangaren albashin nan don harajin ƙasashe irin su Amurka aka gina shi, don haka masu QuickBooks a nan galibi da rubutun jurnal suke shigar da albashi, kuma su hanyar da na bayyana a sama za su bi.

Idan abin da aka biya ya fi bashin saboda tarar jinkiri, kada ka cusa tarar cikin 431 ko 447. Tara kashe kuɗi ce mai zaman kanta. Ta haraji tana da asusunta, 647.

Wane kwanan wata za a sa

A nan dokar OHADA ta yi magana dalla-dalla, kuma yawancinmu ba mu karanta ta ba. Dokar lissafin da aka amince da ita a Brazzaville ranar 26 ga Janairu 2017 ta ce rubutun da aka tabbatar a kwamfuta ba a goge shi, ba a canza shi. Idan an yi kuskure, ana rubuta shi da alamar ragi don a soke shi, sannan a rubuta daidai. Ta kuma ce a riƙa kulle lissafi aƙalla duk wata uku. Wato da ana bin ta, gogewar ba za ta yiwu ba tun farko. Rubutun da ya goge cikin sauƙi alama ce cewa watanni sun daɗe a buɗe.

Saboda haka hali uku ne. Idan watan bai kulle ba, sa kwanan watansa na asali, 31 ga Mayu a misalinmu. Idan an kulle shi, doka ta ce a rubuta a ranar farko ta lokacin da ke buɗe, a nuna ainihin ranar da abin ya shafa daban. Kada ka nemi dabarar ɓalle kullen.

Hali na uku shi ne rubutun bara, bayan an rufe shekara an kai bayanan kuɗi ga ofishin haraji. Nemo balans, wato jadawalin ragowar kowane asusu, da aka buga lokacin rufewa ka kwatanta da abin da kwamfuta ke nunawa yau na 31 ga Disamba. Idan takardar tana ɗauke da adadin daidai, kwamfuta ce ta canza, to bayan rufewa aka yi gogewar, kuma aikinka shi ne mayar da fayil ɗin ya dace da abin da aka riga aka kai, sannan ka sake duba ragowar da aka ɗauko zuwa sabuwar shekara, domin dole buɗewar bana ta zama daidai da rufewar bara. Idan kuwa takardar ma ba ta da shi, to bayanan da aka kai suna da giɓi, ribar da aka biya wa haraji ba daidai ba ce. Wannan ya wuce gyaran kontabul shi kaɗai. A kira ƙwararren akanta mai rajista da ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, kafin a shigar da ko layi ɗaya.

Tabbatarwa

Sake buga babban littafin asusun nan shida. A 422 kowane wata kiredi ya mutu da debi. A 431 da 447 abin da ya rage ya zama bashin da lokacin biyansa bai yi ba tukuna, ba ƙari ba ragi, kuma ka iya nuna shi a takardar albashin watan da ake ciki. A 421 ragowar ta yi daidai da avans ɗin da ma'aikata ba su gama biya ba, suna da suna. Sannan ka yi letiraj, ka haɗa kowane biya da bashin da ya sauke: a misalinmu 86,600 sau uku da 259,800 ɗaya, harafi ɗaya.

Banki yana da nasa ƙarin aiki. Idan biyan da aka goge an riga an daidaita shi da releve a can baya, sabon rubutun zai fito a matsayin wanda bai wuce banki ba, kuma a QuickBooks ragowar farko ta daidaitawar wata mai zuwa za ta kauce. Yi ƙaramar daidaitawa da kwanan wata da ragowar releben ƙarshe da aka daidaita, ka yi wa sabon rubutun alama shi kaɗai, bambancin ya koma sifiri. Idan manhajar ta ba ka shawarar ta rubuta gyara da kanta don cike bambanci, ƙi. Bambancin da bai koma sifiri ba yana nufin akwai wani rubutun da ya ɓace wanda ba ka gano ba tukuna.

Jarrabawa ta ƙarshe: tara 661 daga Janairu zuwa yau ka kwatanta da jimlar albashin da aka sanar wa CNSS da ofishin haraji a wannan tsakani. In akwai bambanci, ya zama wanda za ka iya bayyanawa, kamar alawus ɗin da ba a cire masa kaso.

Haɗa duk abin da ka yi aiki da shi a fayil ɗin takarda ɗaya: babban littafi kafin gyara da bayan gyara, rahoton gogewar, kwafin resi, da rabin shafi da ke bayyana abin da ya faru, kai da maigida ku sa hannu. Daga nan a ba kowa sunansa da lambar sirrinsa a manhajar, a cire wa mai kes da mai sito ikon gogewa, a kulle watannin da suka wuce, a QuickBooks a sa ranar rufewa da lambar sirri.

Wani lokaci binciken yakan fito da abin da ba a zata ba: an nemi resi an rasa, releben banki bai nuna fitar kuɗin ba, CNSS ma ba ta ga biyan ba. To ba rubutun biya aka goge ba, ba a biya ba ne. Kada ka ƙirƙiri rubutun biyan da babu takardarsa don asusu ya yi kyau. Bar bashin a buɗe a 431 ko 447 yadda yake, ka kai wa maigida adadin da watannin da abin ya shafa, a je a biya tare da tarar da za a lissafa. Kamfanin da ke neman kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyi za a tambaye shi takardar shaidar CNSS da ARF ta haraji, kuma ofisoshin nan da nasu littafin suke duba kafin su bayar.